SQL a Waya, Turanci a Zauren Hedimasta

Saƙon gayyatar ya same ni ne a tsakiyar kakar riɗi. Wata ƙungiya mai aikin lafiya a karkara ke neman masu kula da bayanai a ƙananan hukumomi, ni kuwa tun farkon damina na cike takardar neman aikin har na manta da zancen. Saƙon ba shi da tsawo: a zo Dutse, jarrabawa a kan kwamfuta, kashi biyu. Na farko umarnin SQL, wato harshen da ake yi wa rumbun adana bayanai tambaya da shi, na biyu kuma auna fahimta na Turanci. Da na karanta wa Kawu sai ya ce, "Ina ruwan biri da gada? Aikin kwamfuta za su ba ka ko koyarwa?"

Diflomar kimiyyar kwamfuta na yi a Kazaure, kuma mun taɓa SQL, amma zaman da na yi a gida tsakanin gona da shagon Kawu ya wanke mafi yawansa daga kaina. Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari. Babu wutar lantarki, sai mai shagon caji da ke aiki da sola. Sabis kuwa sai ya ga dama, wani lokaci ma layin Nijar ne ke faɗowa cikin wayar. Ba ni da kwamfuta, daga ni sai wayata Android mai tsagaggen gilashi.

Ita ɗin ce kuwa ta yi aikin. Akwai wani ƙaramin rumbun bayanai da ake kira SQLite, wanda wani Ba'amurke, Richard Hipp, ya fitar a 2000. Yana cikin kowace wayar Android, saƙonninka na WhatsApp ma a cikinsa ake ajiye su. Ranar da na shiga Gumel sayo wa Inna magani na zauna inda sabis ke da ƙarfi, na sauke Termux, manhajar da ake rubuta wa waya umarni a cikinta, na rubuta pkg install sqlite don ta sauko min da SQLite, shi ke nan. Daga nan ba ya ƙara neman data. Baƙin allo ne kawai da ɗan layi mai ƙiftawa yana jiran abin da za ka rubuta. Ba ya lallashi. In ka gama umarni ba ka rufe shi da waƙafi mai ruwa ba, ba zai ce maka komai ba, sai ya sauko layi na gaba ya jera ɗige-ɗige yana jira, kai kuma kana zaton wayar ce ta sage. Haka in ka kwafo umarni daga PDF, sau da yawa alamar zancen wani kan zo a lanƙwashe, shi kuwa miƙaƙƙiya kaɗai ya sani.

Misalan da ke cikin takardun da abokan karatunmu ke turowa duk na ma'aikatan wani kamfani ne da albashinsu, sunayen da ban san masu su ba, kuɗin da ban taɓa riƙewa ba. In na karanta da dare, da safe babu. Sai na roƙi Kawu ya ba ni aron littafinsa na bashi. Shi Kawu da damina yakan ba manoma taki da ɗan kuɗin noma, da kaka su biya da riɗi ko zoɓo, ya tara ya kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko dillalan da ke lodi zuwa Dawanau su zo har gida su kwasa. Da ƙyar ya sakar min littafin. "Kada dai ka sa sirrin mutane a intanet, ɗan nan." Na ce, "Kawu, ko ƙofar gida ba zai fita ba, a cikin wayar zai zauna."

Tebur biyu na gina da CREATE TABLE: ɗaya na manoma, mai lamba da suna da ƙauye, ɗaya na biya, mai lambar manomi da irin kayan da ya kawo da yawan buhu. Tun a shafi na biyu na ga dalilin PRIMARY KEY da idona, abin da a makaranta hadda kawai na yi masa. Masu suna Musa sun cika littafin. Kawu yana rarrabe su da tsawo da unguwa da sunan uba, kwamfuta kuwa ba ta san dogo da gajere ba, sai ka ba kowa lambar da ba ta maimaituwa, kuma ba a barin wurinta fanko. Lambar nan idan ta sake bayyana a teburin biya, ta zama FOREIGN KEY, ita ke cewa wannan buhun na wane ne. Akwai kuma wani abu da babu littafin da ya faɗa min. Da na ce ORDER BY suna, wato a jera min su bisa haruffa, sai duk sunayen da suka fara da Ɗ suka koma can ƙasa bayan Z, kuma LIKE 'D%', mai nemo duk sunan da ya fara da D, bai kamo ko ɗaya daga cikinsu ba, don a wurin na'urar harafi mai ƙugiya wani harafi ne dabam da ke nesa da D. Wanda zai yi aikin bayanai a ƙasar Hausa ya kwana da sanin wannan, ko da bai fito a jarrabawa ba.

Inda na fi daɗewa shi ne NULL. A littafin Kawu akwai abu biyu masu kama da juna: manomin da ya zo ya ce bana ƙwari sun cinye gonar, ba shi da ko tiya, Kawu kan ja masa ɗan layi, wanda kuwa bai zo ba tukuna, ba a san ko yana da shi ko babu ba, sai ya bar wurin fari. Na farkon sifili ne, na biyun shi ne NULL. Na ɗauki mutum biyar na gwada: ɗaya buhu 4, ɗaya 6, ɗaya 0, ɗaya fanko, ɗaya 10. COUNT(*) ya ce 5. COUNT(buhu) ya ce 4, don ba ya ƙirga fanko. SUM, mai haɗa jimla, ya ba da 20, amma AVG, mai fitar da matsakaici, ya ba da 5, ba 4 ba, saboda da huɗu ya raba. Masu tsara tambaya suna son wannan ramin ƙwarai, kullum za ka ga 4 tana zaune a cikin zaɓin tana jiran mai gaggawa. Kuma in kana neman waɗanda wurinsu ke fanko ka rubuta buhu = NULL, ko mutum ɗaya ba zai fito ba, ba kuma zai nuna maka kuskure ba. IS NULL ake cewa. Abin da ba a sani ba, ba a cewa ya yi daidai da wani abu, ko da ɗan'uwansa wanda ba a sani ba ne.

Ranar da Kawu ya daina kallon abin a matsayin wasan yara ita ce ranar da na haɗa teburan biyu. INNER JOIN yana kawo waɗanda ke nan kuma suke can, wato waɗanda suka biya wani abu. LEFT JOIN kuwa yana kawo kowa daga teburin farko, wanda bai da komai a na biyu ya fito da fanko. Sai na rubuta:

SELECT m.suna FROM manoma m LEFT JOIN biya b ON m.lamba = b.lamba WHERE b.lamba IS NULL;

Kafin ƙiftawar ido sunayen duk waɗanda ba su leƙo shago ba tun da aka yanke riɗi suka jeru. Kawu ya ajiye kwanon awo ya matso. "Karanto min." Ina cikin karantowa na zo kan sunan surukinsa, ya ce, "Wuce wannan."

Bambancin WHERE da HAVING ma da littafin nan na kama shi. WHERE yana tace layuka tun kafin a tara su, HAVING kuwa sai an gama tarawa da GROUP BY. In ana son riɗi kaɗai ban da zoɓo, aikin WHERE ne. In ana son ƙauyukan da jimlarsu ta wuce buhu 20, dole HAVING, don jimlar ba ta wanzu ba sai bayan an tara. Ko da yake SELECT ake fara rubutawa, na'urar daga FROM take farawa, sai WHERE, sai GROUP BY, sai HAVING, sannan SELECT, ta ƙare da ORDER BY. Da wannan jerin ya zauna min, rabin tambayoyin "wanne ne zai ba da kuskure" sun zama sadaka.

Wasu abubuwan kuwa sai hadda, don SQLite ba shi da TRUNCATE, ba shi da GRANT da REVOKE, balle in gwada. Rabe-raben umarni na rubuta a bayan kwalin sukari na manna a bangon ɗakina: CREATE da ALTER da DROP da TRUNCATE su ne DDL, masu gini da rushewa, INSERT da UPDATE da DELETE su ne DML, masu taɓa abin da ke ciki, GRANT da REVOKE na ba da izini da ƙwacewa, COMMIT da ROLLBACK na tabbatarwa da warwarewa. Ukun nan da ake ruɗa mutane da su kuwa rumbun gidanmu ya raba min gardama. DELETE shi ne ka shiga ka ɗebo damin da kake so. TRUNCATE ka kwashe rumbun ƙaƙaf ka bar shi a tsaye, kuma a manyan rumbunan bayanai na MySQL da Oracle ROLLBACK ba ya dawo da abin da ya kwashe. DROP kuwa ka rushe rumbun da hatsin da komai. Da gangan wata rana na buɗe da BEGIN, na rubuta UPDATE ba tare da WHERE ba don in ga yadda abin yake: nan take kowa a littafin ya zama ana bin sa buhu goma, har da liman. ROLLBACK ya mayar da kowa matsayinsa. Tambayoyin tarihi ma kan faɗo jifa-jifa: Edgar Codd, ɗan Ingila ma'aikacin IBM, shi ya kawo tsarin ajiye bayanai tebur-tebur a 1970, Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fitar da harshen a 1974 da sunan SEQUEL, a 1986 aka tsayar masa da ƙa'ida ta bai-ɗaya a Amurka. Wannan ba ya sa mutum ya iya aiki, amma maki ne a yashe a ƙasa, ba dalilin barin sa.

Don tattalin caji, bayan sallar asuba a takarda nake rubuta umarnin in kuma rubuta amsar da nake zaton za ta fito, sai da dare in kunna waya in duba. Wannan talaucin ya yi min rana, domin a jarrabawa ba a ba ka wurin gwaji, da kai ake so ka gudanar da umarnin.

Turanci shi na fi jin tsoro, kuma da gaskiyata. Mu nan Turanci a aji ake barin sa. Sai na je wurin Baba Hedimasta, tsohon shugaban firamarenmu, malamin zamanin Giredi Tu, wanda ya koyar da ni ya koyar da babana. Bayan la'asar yake zama a zaurensa da rediyo a gefe, tabarau ɗaure da zare. Na kai masa ganyen shayi da sukari na faɗi buƙatata. Ya sa jikansa ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ciki: tsofaffin takardun WAEC da yagaggun shafukan New Nigerian, sun yi ja, suna warin ajiya.

Hanyarsa ɗaya ce, kuma ba ya sassauta ta. In karanta matanin gaba ɗaya sau ɗaya ba tsayawa, ko na haɗu da kalmar da ban sani ba. Sannan ya rufe takardar da tafin hannunsa ya ce, "To, faɗa min da Hausa, sakin layi na farko me ya ce? Jimla ɗaya." In na fara kame-kame sai ya ce, "Ba ka karanta ba, kallon haruffa ka yi." Abokaina duk cewa suke a fara karanta tambayoyi kafin matani don a ci lokaci. Shi bai yarda ba, ya ce mai yin haka farautar kalmomi yake, da ya ga kalmar da ke cikin tambaya sai ya cafke jimlar, alhali mai tsara jarrabawa ya san da shi, a nan ya kafa tarkon. Na gwada duka biyun. A gajeren matani ta abokaina tana aiki, amma a dogo mai jayayya a ciki ta Baba ce daidai.

Abin da ya fi matsa min a kai shi ne ƙananan kalmomi. Duk inda aka ce it ko they ko this sai ya tsayar da ni: "Su wa? Nuna min da yatsa." Duk inda however ko although ya fito, ya ce in rage gudu, marubucin zai juya, kuma ra'ayinsa na gaskiya yawanci bayan juyin yake. A cikin tambaya kuma not da except, waɗanda ido kan tsallake idan agogo na gudu. Zaɓin da ke ɗauke da always ko never ko only ya ce in tuhume shi, don masu rubutu ba kasafai suke rantsuwa haka ba. Tambayar nemo kalmar da za ta maye gurbin wata kuwa, ba ya karɓar amsa sai na cire ta asalin na sa tawa na karanta jimlar da ƙarfi. In ta asalin aikatau ce ta shuɗaɗɗen lokaci, tawa ma dole ta zama haka. In jam'i ce, jam'i.

Sau ɗaya muka yi musu sosai. Matanin kan kwararowar hamada ne, marubucin ya ɗora laifin kacokan kan saran itace don girki. Tambayar ta ce mene ne musabbabin according to the passage, kuma a cikin zaɓin akwai wanda ya haɗa ƙarancin ruwan sama da kiwo da faɗaɗa gonaki. Na ce wannan ne. Ai a nan muke zaune, Jigawa na cikin jihohin da Babbar Koriyar Ganuwa, shirin Tarayyar Afirka na dashen itatuwa don tare hamada, wanda aka amince da shi a 2007, ya ratsa, muna ganin rairayi na cin gonaki, kuma ba murhun Inna kaɗai ya jawo ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ɗan nan. Amma kai aka tambaya, ko shi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, to in shi bai san abin da yake faɗa ba fa?" Ya ce, "Sai ka rubuta masa wasiƙa bayan an tashi daga jarrabawa." Har yau ina nan a kan cewa marubucin ya gaza, amma makin yana wurin Baba.

Wata rana ya ga ina zane-zane a bayan takardarsa ya tambaye ni mene ne. Na yi masa bayanin layin da Kawu ke ja da wurin da yake bari fari. Ya cire tabarau ya dube ni. "To ai abin da nake fama da kai a kansa ke nan. Wanda marubuci ya ce babu dabam, wanda bai ce komai a kai ba dabam. Kai ne kullum kake cike masa da naka." Daga ranar, duk tambayar da ke neman ko magana gaskiya ce, ko ƙarya, ko ba a faɗa ba, sai in nemi jimlar da zan ɗora yatsa a kai. In babu, ba na ƙirƙiro ta.

Saura sabo da gilashi da agogo. A takarda kana ja wa jimla layi, a kwamfuta babu wannan, ga matani a gefe ɗaya sai ka yi ta hawa da sauka. Ƙanwata tana shirin JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yi, tambaya 180 cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci. Tana da manhajar gwaji mai aiki ba data a wayar yayarmu, sai muka riƙa karɓa-karɓa bayan isha'i, ita tana riƙe da agogo tana jin daɗin ce min "Yaya, lokaci ya ƙare" tun kafin ya ƙare. A nan na saba da rubuta kalma biyu-uku kan kowane sakin layi a 'yar takarda, maimakon jan layi.

Ana gobe jarrabawa na kama hanya, ta Gujungu da Jahun da Kiyawa, na kwana a wurin wani ɗan ajinmu a Dutse. Da safe hazo ya rufe gari. Muna da yawa a bakin cibiyar, wasu da kwamfutocinsu a jaka suna ta jefa manyan kalmomi, har gabana ya ɗan faɗi. An duba katin shaida, an karɓi wayoyi, an ba kowa farar takarda ɗaya da lambar kujera.

Da SQL na fara, don in tara abin da na tabbatar da shi tun kaina na sanyi. COUNT da fanko ya fito, da tebur na asibitoci maimakon manoma. HAVING ya fito. An tambayi ko BETWEEN 10 AND 20 yana haɗawa da 10 da 20 ɗin, yana haɗawa. An kawo tambaya a cikin tambaya, SELECT a cikin SELECT, wadda ta ci min lokaci fiye da yadda na so. Matanin Turanci biyu ne, ɗaya kan shayar da jarirai nonon uwa, ɗaya kan ajiyar allurar rigakafi cikin sanyi. A na farkon akwai zaɓin da kowace ungozoma a ƙauyenmu za ta rantse gaskiya ne, amma na bi sakin layin ɗaya bayan ɗaya ban same shi ba, na bar shi. Ana cikin haka janareta ya ɗauke, ɗakin ya kaure da salati, da aka tayar kuwa amsoshinmu na nan, sai dai mintunan da suka tafi ba wanda ya biya mu.

Tambaya ɗaya ce har yanzu nake ganin ba a yi mata adalci ba. An ce wanne ne ba DML ba, aka jera INSERT da UPDATE da SELECT da DELETE. Littattafai da yawa suna ware SELECT su ba shi aji nasa, DQL, tunda dubawa kawai yake, ba ya canja komai. Amma takardun Oracle da kansu a cikin DML suke lissafa shi. Ke nan wanda ya fi zurfin karatu shi zai fi ruɗewa. Babu zaɓin "duk cikinsu DML ne", babu kuma wanda za ka ɗaga wa hannu, sai na tambayi kaina abin da mai tambayar ke nufi, na danna SELECT na wuce.

Sakamakon ya zo ta saƙon waya ana tsakiyar hunturu: na tsallake, a zo ganawar baki da baki da takardun asali. Ba su nuna maki ba, don haka ban san yadda suka yi da SELECT ɗin ba. Ganawar da Turanci za a yi ta, Baba Hedimasta ya ce daga gobe in na shigo zaurensa, bayan sallama ba sauran Hausa.